Ranar da Na Zuba wa Karnuka Biyu Tuwo a Kwano Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar bayan la'asar ba, ranar da karnuka biyu suka raba ni da wandona a cikin gidana, a gaban baƙi shida, a gaban matata, a gaban uwar da ta haife ni. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Abin da ya fi ci mini rai kuma, duk wanda na ba labarin don ya jajanta mini, sai in ga kafaɗunsa sun fara rawa. To ku ma ku yi dariyarku, amma ku bari ku ji daga bakina, don abin da ake yaɗawa a tasha rabinsa ƙari ne.

Ni ne shugaban kwamitin sulhu na direbobi a tasharmu ta Kaura Namoda. Na yi shekara ashirin ina jan mota tsakanin Kaura, Shinkafi da Zurmi kafin gwiwa ta ce ta gaji, aka ba ni kujera a ƙarƙashin rumfa. Dabarata guda ce, kuma ina ji da ita. In direbobi biyu suka kaure kan layin lodi, ko wani ya ɗauke wa wani fasinja, ba na tsayawa dogon bincike. Sai in zaunar da su, in sa mai abinci ta zubo tuwo a kwano ɗaya, in ce su wanke hannu. In yi musu 'yar nasiha, in ce bismillah. Haka na ga dattawan ƙauyenmu suna yi tun ina ƙarami, kuma ban taɓa ganin wanda ya gama cin tuwo da mutum ya tashi ya shaƙe shi ba. (A lokacin na ɗauka wannan wata baiwa ce Allah ya ba ni ni kaɗai.)

Halin da ake ciki a yankin nan namu ba sai na faɗa wa kowa ba. Shi ya sa na ajiye kare, ni da a da ko inuwar kare ba na so ta taɓa mini riga. Ja ne, ƙato, bai fi shekara biyu ba, cinsa kuwa ya fi na mutum uku. Na sa masa suna Kwamanda. Wurin zamansa filin da ke tsakanin zaure da cikin gida, inda nake ajiye mota, kuma a filin nan ko ƙadangare sai da izininsa yake wucewa.

Sai maganar Inna. Shekara uku ina roƙonta ta baro ƙauyenmu da ke can bayan Badarawa ta dawo wurina. Kullum amsarta ɗaya, ba ta barin garin da aka binne mahaifina. Na roƙa, na aika kawunai sun roƙa, na yi fushi, na dawo na ba da haƙuri. Sai da ya kai ko gona ba a iya zuwa, maƙwabtanta suka watse ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce to. Amma da sharaɗi: sai dai da Duna.

Duna tsohon baƙin karenta ne, ramamme, gemunsa har ya yi furfura. Wata rana da hantsi ta ɗau hanyar gona, karen ya tsaya cak a gabanta ya ƙi matsawa, ta kore shi ya kama bakin zaninta yana ja baya. Ta haƙura ta juya gida. Waɗanda suka bi hanyar a ranar ba duka suka dawo ba. Tun daga nan Inna ba ta kai loma baki sai ta ga Duna ya ci. Saboda haka na sa shi a motata, motar da nake wanke wa da kaina, ya yi mini amai sau biyu kafin mu iso Kaura, na goge na ci gaba da tuƙi. Uwata ta fito daga dajin nan, ko jaki ta ce in ɗauko zan ɗauko.

Muna isowa na buɗe ƙofa na sake shi a filin Kwamanda, kai tsaye, kamar na kawo baƙo masauki. Kwamanda ya miƙe, gashin bayansa ya tashi, wutsiya ta sandare. Kafin in sauke kayan Inna daga but, kunnen Duna ya tsage.

Daga ranar gidana ya zama filin daga. A yi faɗa kan ruwan sha, a yi kan inuwar darbejiya, a yi kan wanda zai fara zuwa bakin ƙofa in an yi sallama. Tsohon ma ba kanwar lasa ba ne, kada ku ga ramarsa. Sai ya lallaɓa ya kwanta daidai inda Kwamanda yake kwanciya, ya lumshe ido kamar bai san abin da ya yi ba. Matata Balki ta daina shanya a filin. Mai kawo mana ruwa ya ce sai dai mu fito mu karɓa a waje.

Kwana biyar da zuwanta Inna ta kira ni ɗakinta. Tana shafa wa Duna man kaɗanya a kunne, ko kallona ba ta yi ba.

"Kai wanga," ta ce. (Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.) "In gidanga bai iya ɗaukar karena, to ni ma bai iya ɗaukata. Mota guda ta kawo mu, mota guda za ta maishe mu."

Wanda bai san Inna ba zai ce barazana ce. Ni na san ta. Kuma na san abin da komawa ƙauyen nan take nufi. Balki ta ce in ba da Kwamanda kawai a huta. Na ce in ba da shi wa zai yi gadi, tsohon da haushi uku ke sa shi tari? Kuma, in faɗi gaskiya, akwai girman kai a ciki. Ni, da ake kawo wa rigimar ƙarti masu gemu, a ce karnuka sun gagare ni?

Sai na shiga aiki da adalci irin na kwamiti. In sun yi faɗa, kowa bulala biyu, ba na tambayar wa ya fara. Suka koyi jira sai na fita sannan su kama. Na ɗaure su a turke ɗaya don su saba da juna, ko shayin da na zuba ban kai ga kurɓa ba sai da na fito da gudu ina kwancewa. Na yi musu tsawa har muryata ta dushe, na je tasha ina magana kamar agwagwa.

Maƙwabcina Baba Tanko, tsohon mafarauci ne mutumin Moriki, ya yi zamani da karnuka har goma a gida ɗaya. Katangarmu gajeruwa ce, duk abin da nake yi yana kallo. Wata safiya ya ɗora haɓa a kan katangar.

"Direba," ya ce, "kana wahal da kanka. Raba musu wurin ci. Raba musu wurin kwana. Kuma in sun kama, kada ka sa hannu, ko da naka na. Kare in ya hau faɗa bai san ubangidansa ba."

"Baba, rabawa ai ba sulhu ba ne," na ce. "Ni aikina haɗa kai."

"To Allah shi taimaka," ya ce, ya sauke haɓarsa.

Na shiga gida ina ƙunƙuni. Mutumin da ko taron unguwa bai taɓa jagoranta ba zai koya mini sasanci!

Ranar Asabar ɗin, mutanen tasharmu suka ce za su zo yi wa Inna barka da zuwa. Mutum shida, har da Ciyaman na tasha da kansa, da Ɗanjuma da Bala, direbobi biyu 'yan layin Zurmi waɗanda na sasanta a watan da ya wuce, kuma nake ba da misali da su duk inda na zauna. Na sa sabuwar shaddata ruwan sararin samaniya, babbar riga da 'yar ciki da wando, ɗinkin da ko Juma'a ban kai shi ba tukuna. Aka shimfiɗa tabarmi a filin. Yara suna Islamiyya, wannan kaɗai ne rahamar da na samu a ranar. Karnukan na ɗaure su, ɗaya a gabas ɗaya a yamma.

Inna ta fito da hijabinta ta zauna a kujera 'yar tsugunne a bakin ƙofar cikin gida. Aka gaisa, aka jajanta, aka yi addu'ar Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Balki ta miƙo fura daga bayan labule. Komai yana tafiya daidai, sai dai gurnanin da ke tashi daga gefe biyu, har mai addu'a sai da ya ɗaga murya.

"Shugaba," in ji Ciyaman, "wannan gida naka kamar ana tada tifa biyu?"

Na yi 'yar dariya na ce ƙaramar matsala ce, baƙo da ɗan gida ne ba su gama fahimtar juna ba. Sai Ɗanjuma, wanda bakinsa ba ya da birki, ya ajiye ludayi.

"A'a! Mai sasanta tasha guda, karnuka biyu sun hi ƙarhinai?"

Aka kwashe da dariya. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.  Na miƙe, na gyara babbar riga a kafaɗa, na ce to yau za su ga aiki da idonsu, abin da ya yi wa Ɗanjuma da Bala magani shi zai yi wa waɗannan.

Na leƙa bayan labule na ce Balki ta zubo tuwo da miya a babban kwano, ta ɗora ƙashin kan ragon da ya rage.

"Malam, babban kwanon na kayan ɗakina ne fa," ta ce a hankali. "Kuma ai Baba Tanko ya ce..."

"Baba Tanko ne mai gidan nan?"

Ta zubo. Tuwon dawa, miyar kuka har tana tururi, ga ƙashi a sama ya yi zaman sarauta. Ƙashi ɗaya, jama'a. Karnuka biyu, ƙashi ɗaya. Ko wannan bai sa na tsaya na yi tunani ba.

"Kai wanga, mi kaka shirin yi?" in ji Inna.

"Inna, ki zuba ido kawai."

Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta miƙe ta shige ciki. (Na ɗauka ta sallama mini ne. Ashe bokiti ta tafi nema.)

Na ajiye kwanon a tsakiyar fili. Na jawo Kwamanda da hannun dama, na jawo Duna da hagu, na tsaya a tsakaninsu. Kuma, Allah ya yafe mini, na yi musu nasiha. Da babbar murya, yadda nake yi a rumfa. Na ce Kwamanda kai ne mai masauki, haƙƙin baƙo yana kanka. Na ce Duna kai ne babba, babba da haƙuri aka san shi. Na ce gida ɗaya kuke, abincinku ɗaya, daga yau ba na son in ƙara jin kanku. Bala har da cewa "Gaskiya ne, Shugaba." Sannan na saki igiyoyin.

Suka matso. Kowanne ya sa hanci a bakin kwanon. Shiru. Wallahi shiru, har kukan kurciya na ji a kan darbejiya. Na juyo wajen baƙina, na buɗe hannuwa, na fara murmushin nan na wanda ya gama aiki. Na buɗe baki zan ce "Kun gani?"

Ban kai ga faɗa ba.

Ban san wa ya fara taɓa ƙashin ba, kuma har gobe ba na son sani. Ƙara kawai na ji kamar taya ta fashe, ƙura ta tashi, karnuka biyu suka zama dunƙule ɗaya a ƙafafuna. Na hango Kwamanda ya danne tsohon yana neman wuyansa, na tuna maganar Inna, sai hankalina ya gushe. Na yi abin da aka ce kada in yi. Na faɗa tsakaninsu da hannu da ƙafa ina ihu, "Kai! Kai! Ku bari! Ni ne!"

Ni ne wa? Babu wanda ya tambaya. Babbar riga ta naɗe mu mu uku. Duna ya kai cafka ya sami hannun rigar, ya riƙe yana ja gabas. Kwamanda ya kai tasa ya sami ƙafar wandona, ya riƙe yana ja yamma yana girgiza kai. Ina tsakiya ina tangaɗi, hula ta yi nata wuri. Sai na ji ɗas! Zariya ta tsinke. Na saki komai na kai hannu biyu in tare wando, ƙafa ta harɗe, na tafi da baya na zauna daram a cikin kwanon tuwo. Miyar kuka mai zafi, jama'a. Na zabura na yi tsalle na kife a kan gwiwoyi, Kwamanda ya tafi da wandon. Shi kuma da ya ga ƙyalle ne a bakinsa ba Duna ba, ya tofar, ya juyo ya kai cizo inda ya ga nama da miya.

Karena. Wanda nake saya wa ƙashi a mahauta da kaina. A mazaunai.

Ihun da na yi, an ce har masu shago a bakin titi sun leƙo. Ana cikin haka sai na ji ruwa ya sauko mana gaba ɗaya, ruwan wanke-wanke mai sanyi da guntun tuwo a ciki. Inna ce. Ta wurgar da bokitin, ta jefa wa Kwamanda buhu a ka, ta kama ƙafafunsa na baya ta ja shi kamar tana jan baro, ta tura shi bayan mota. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu. Ta kira Duna sau ɗaya, ya bi ta yana ɗingishi. Duka-duka aikin bai ɗauke ta minti ɗaya ba.

Na ɗago kai in ga mazan da suka zo gidana. Ciyaman yana tsaye a kan bonet ɗin motata, takalmi ɗaya a hannu. Uku sun cushe a ƙofar zaure, kowa yana son ya riga fita. Ɗanjuma yana kwance a tabarma yana riƙe da ciki, hawaye na zuba. Bala kuwa, Bala da na ɗauka mutumin kirki ne, waya ce a hannunsa yana ɗauka. Mutum shida, ba wanda ya ɗaga ko tsinke! Balki ce ta jefo mini zani daga bayan labule, kuma ina jin yadda take danne dariya har tana shaƙewa. A kan katanga kuma ga haɓar Baba Tanko. Wannan ya fi komai ciwo.

Haka aka sa ni a bayan motar Ɗanjuma, ɗaure da zanin matata mai furanni, a kife, don zama ya haramta gare ni. Bala yana gaba. Muna tafiya ina nishi, na ce ni abin da ban gane ba, dabarar da ta yi aiki a kansu me ya sa ta ƙi aiki a kan dabbobi.

 Sai Ɗanjuma ya yi gyaran murya.

"Shugaba, tunda abin ya kai haka, gara ka sani. Mu hwa yunwa muka ji ran nan. Tun sahe ba mu ci komi ba."

"Kuma Ciyaman ya raba muna ranakun lodi," in ji Bala. "Shi Litinin, ni Talata. Shi ya sa ba mu ƙara faɗa ba. Ba mu haɗuwa ne."

Ina kife, ina jin zafi a baya, ga kuma wannan. Wato duk tuwon da nake sa a zubo, ƙartin nan ci kawai suke yi suna tashi! Na ce Ɗanjuma ya tsaya in sauka. Ya ce in sauka in je ina da zani?

A asibiti ma'aikaciyar da ta karɓe ni ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta tambayi karen waye, na ce nawa. Ta tambayi ko yana da lafiya, na ce lafiyarsa ƙalau, ya fi ni. Ta tambayi yadda aka yi, Ɗanjuma ya buɗe baki, na ce in ya yi magana sai na cire shi daga layi. Ta wanke ciwon tana tambaya wai me ya kawo miyar kuka a wurin. Aka yi mini allura, aka rubuta mini ranakun da zan dawo a ƙara wasu. Da za mu fita ta ce, "Baba, don Allah a daina shiga faɗan karnuka." Yarinyar da aka haifa ina da lasin tuƙi!

Duk wannan wasa ne a kan abin da na tarar a gida.

Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba. Inna tana zaune a zaure, ƙullin kayanta a gabanta, Duna a gefenta an ɗaure masa ƙafar gaba da tsumma, jini ya ɓullo ta ciki. Ba ni ta kalla ba, Ɗanjuma ta kalla.

"Ɗan nan, gobe da sahe ka kai ni Shinkahi. Daga can na san hanya."

Nan dariyar Ɗanjuma ta ɗauke.  Na so in durƙusa, ciwo ya hana. Na so in zauna, ba hali. Sai na kwanta rub da ciki a ƙasan zauren, a gaban ƙafafunta, da zanin Balki a jikina, na ce Inna ki yi mini rai. Na ce ƙauyen nan ba kowa, in wani abu ya same ki ina zan sa kaina.

"Can in wani abu ya same mu, na san baƙi ne sunka yi," ta ce. "Nan kuwa ɗana ne ya aza ma karena tarko da hannunai, don abokanai su tafa mai."

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba, don gaskiya ce tsantsa. Ba don Duna na ajiye kwanon nan ba, ba don ita ba, don bakin Ɗanjuma na ajiye shi. Na fashe da kuka, ni da furfurata, na ce ta ba ni dama ɗaya, duk abin da Baba Tanko ya ce shi zan yi, in ya ce Kwamanda ya bar gidan to ya bar shi. Ta daɗe tana shafa kan karenta.

"Kasuwar Shinkahi ta ci sau biyu," ta ce. "In na ƙara ganin jini, ba ni ko sallama."

Mako biyu ke nan. Ban jira komai ba na aika aka roƙo Baba Tanko. Ya shigo yana tafiya a hankali kamar wanda aka naɗa wa rawani.

"Direba, an ce kana nemana? Ni da ban san sulhu ba?"

Na haɗiye. Na ce Baba na tuba.

Bai ce a kori kowa ba. Ya sa aka kafa zana aka raba filin biyu, yadda ba mai ganin wani. Kowa da kwanonsa, kowa da ruwansa, kuma a ɗauke kwano da zarar an gama ci. Ƙashi kuwa, ya ce in na ƙara kawo shi inda su biyu suke, shi da kansa zai cije ni. Bulala ya ce in jefar, duka ba ya ƙara musu komai sai ƙiyayya. Sannan babban aikin: kullum da sassafe a fita da su waje, inda ba gidan kowa ba ne, shi ya riƙe Duna ni in riƙe Kwamanda, tsakaninmu faɗin titi. Kowace rana a rage tazarar kaɗan. In na ga wutsiya ta sandare ko ido ya kafe, in juya da nawa tun kafin gurnani ya fito.

Haka muka riƙa yi, daga ƙofar gida har wajen layin dogo mu dawo. Ni ina ɗingishi, Duna yana ɗingishi. Kuma hanyar, don ƙarin wulaƙanci, ita ce motocin Zurmi suke bi. Duk direban da ya wuce sai ya danna oda ya leƙo, "Shugaba, a kawo tuwo?" Har fasinjojin da ban taɓa gani ba suna nuna ni, saboda abin da Bala ya ɗauka ya zaga wayoyi har Gusau. Na kai ƙararsa gaban kwamiti, sai aka tuna mini ni ne shugaban kwamitin.

Karnukan ba su zama abokai ba, kada in yi muku ƙarya. Har yau ba sa wasa tare, zanar ma tana nan. Amma a rana ta goma sha biyu muka yi tafiyar kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya kalli wani. Bayan kwana biyu na fito da hantsi na same su a inuwar darbejiya, kowa ya ba ɗan'uwansa baya, tsakaninsu kamar taku huɗu, suna barci. Na tsaya ko numfashin kirki ban yi ba.

A ranar da yamma Inna ta kira ni. Na shiga ina sane wa'adin ya cika.

"Kai wanga, in an samu mai zuwa wajenmu, a ɗauko min turmina da taɓarya. Na Balki bai da zurhi."

Macen da ta aika a ɗauko mata turmi ba tafiya za ta yi ba. Na ji ƙwalla ta cika mini ido, na sunkuyar da kai. Don in ɓoye, sai na ce ni dai har yanzu abin yana ba ni mamaki, a ce gida ɗaya amma kowa da kwanonsa.

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Ni da ubanka mun yi shekara arba'in. Ka taɓa ganin mun sa hannu kwano guda?"

Na yi tunani. Ban taɓa gani ba. Nasa a zaure, nata a ɗaki.

"To ka taɓa jin kanmu?"

Tun daga ranar, in aka kawo mini masu rigima a rumfa, tambayata ta farko ita ce a kan wane ƙashi ake faɗan, ta biyu kuma yaya za a yi kowa ya samu nasa wurin. In ma na ga abin ya fara zafi, to daga nesa nake ba da haƙuri, bayana a jikin bango, hannuna ɗaya a kan zariya.